Shuɗiyar Butar da Na Zana wa Isiyaku

Kwanakin baya wasu matasa masu koyon aikin lafiya suka zo gaishe ni a gidan 'yata a nan Kano, don sun ji an ce tsohon da ya zo daga Sudan ya daɗe yana aiki da mutanen da aka haifa da jinkirin fahimta. Suka nuna mini hotuna a waya: ƙwayar magani, rana, wata, kofin ruwa. Ɗaya daga cikinsu ta ce, cikin ladabi, "Baba, ai yanzu abin ya zo da sauƙi. Hoto kawai za ka buga ka miƙa musu."

Na ce mata haka ne. Ni ma na taɓa ɗaukar haka, har na fi ta hujja, domin ni da hannuna nake zana nawa, kuma ana yabawa. Suka sha ruwa suka tafi, suka bar ni da amsar da ban ba su ba. Ga ta nan.

Ni ba likita ba ne. Malamin labarin ƙasa ne a wata makaranta a Alsawra, cikin Omdurman, ɗan masu tsinkar auduga a Jazira wanda ya yi karatu har dangi suka daina kiran sunansa, sai dai Ustaz. Bayan sojoji sun karɓi mulki, wata safiya aka miƙo mini takarda cewa an sallame ni don maslahar jama'a. Har yau ban gano wace jama'a ce taswirar Afirka ta cuta ba. Da na gaji da zaman gida, wani ya samo mini aiki a wani ƙaramin asibitin unguwa a Alhilla Kuku, irin wanda muke kira shafahana. Aikina rubuta sunaye a kati, saboda rubutuna yana da kyau. Mota biyu nake hawa kullum kafin in isa, in ƙetare kogi da safe, in sake ƙetarowa da yamma.

A can na faɗa hannun Hajja Maimuna. Ita ce babbar sista, gajeriyar mace mai faɗin kafaɗa, Bahaushiyar Jazira kamar ni, wadda ba ta taɓa karanta littafi a kan wannan sana'a ba, don a lokacin babu wanda ya rubuta mana shi.

Aikin farko da na yi a gabanta, wata tsohuwa ce ta kawo 'yarta Rabi, mace mai shekara kusan talatin, wadda ta yi watanni tana marin kumatunta tana buga kai da bango. An kai ta wurin malamai, an yi hayaƙi, an ɗaure mata hannu. Tsohuwar ba ta jin Larabci sosai, sai aka kira ni in yi tafinta. Na zauna na fuskanci tsohuwar, na jera tambayoyi kamar mai duba makarantu.

Hajja Maimuna ta ce, "Ustaz, wa ke ciwo a ɗakin nan?"

Na nuna Rabi.

"To me ya sa ka ba ta ƙeya?"

Na juya kujera. Na ce, "Rabi, kai ne ke miki ciwo ko ciki?" Ta ce ciki. Na ɗauki alƙalami zan rubuta, Hajja ta dafe takardar. Ta ce, "Rabi, 'yata, ciki ne ko kai?" Rabi ta ce kai. Hajja ta dube ni ta ce, "In ka ce mata ƙafa ce ko jaki, jaki za ta ce. Tana son ta faranta maka, ta ga kana da gilashi."

Sai ta tashi ta ɗebo ruwa mai sanyi daga randar da ke ƙarƙashin bishiya, ta fara kurɓa, ta miƙa wa Rabi. Ruwan na shiga bakinta ta runtse ido ɗaya ta kai hannu muƙamuƙin hagu. Haƙori ne. Ruɓaɓɓen haƙori guda ɗaya, wata da watanni. Ranar na fara gane cewa shekarun da na yi ina yi wa yara tambaya a aji, yawanci amsa nake faɗa musu da alamar tambaya a ƙarshe.

Kayan aikinmu duka a akwatin biskit na ƙarfe suke. Akwai sirinji marar allura, da abin sauraron ƙirji wanda ya lalace, da ɗan madubi, da 'yar tsana ta tsumma da Hajja ta ɗinka, da kwalayen sabulu da nake yankawa in yi kati, da fensirori masu launi da suka biyo ni daga makaranta ba tare da an sallame su ba. Allura guda ɗaya takan ci mana zuwa uku. Zuwan farko mutum ya riƙe sirinjin, ya yi wa 'yar tsana. Na biyu ya yi wa Hajja, ta ce wash, ta yi dariya. Na uku a yi masa, bayan an faɗa masa gaskiya cewa zai yi zafi kaɗan. Ba mu taɓa cewa ba zafi. Hajja ta ce wanda ka yi wa wannan ƙaryar sau ɗaya, sai maza huɗu sun danne shi har ƙarshen rayuwarsa. Muna ba masu jinkirin fahimta ranar Alhamis bayan azahar, lokacin da layi ya watse, kuma tana cire farar rigarta ta rataye a bayan ƙofa kafin su shigo.

Mutanen unguwa suna kiransu miskinai, wasu su ce masu albarka ne. Na lura duk sunayen biyu aiki ɗaya suke yi: suna hutar da mai faɗa daga tambayar mutum abin da ke damunsa.

Isiyaku ya zo mana da farfaɗiya. Mutum ne mai shekara talatin da wani abu, kakkaura, mai tafiya a hankali da magana a hankali, ba ya karatu, ba ya gane agogo, amma ya san sunan kowane jaki a bakin kogi. Yana aiki a Aljirif, a wata kamina, wato wurin da ake gasa jan bulo. Aikinsa juya ɗanyen bulo a rana ya bushe, da shayar da jakuna. Yayarsa Halima ce ke riƙe da shi. Tana fita tun da asuba zuwa wanki da shara a gidajen cikin Khartoum, ba ta dawowa sai bayan isha.

Likita ya rubuta ƙwaya sau biyu a rana, safe da yamma, ba fashi. Halima ta riƙe takardar ta ce da ni, "Ustaz, safe ba na nan, yamma ba na nan. Mai kamina ya ce in ya sake faɗuwa kusa da wuta, kada ya ƙara ganinsa. In ya kore shi, ni ba ni da mai zama da shi. Sai dai ɗaki."

Na san ɗakin, don na je gidan. Kafin a samo masa aikin kamina, shekara biyu ya yi a ciki daga asuba zuwa isha, da kwanon abinci da tulu. Ƙasan ƙofar ya sha ƙafa har katakon ya lotsa. Halima ba muguwa ba ce. Mace ce ɗaya mai hannu biyu.

Na yi abin da nake ganin shi ne ƙwarewa. Na ɗauki kwana biyu na bi Isiyaku daga safe zuwa yamma da littafi a hannu, ina neman abin da ba ya canzawa a yininsa. Na samu. A ƙarƙashin wani dogon yaro kusa da kamina akwai mai shayi, Inna Batula, da murhun gawayinta da 'yan kujerunta na igiya. Isiyaku ba ya taɓa bulo sai ya sha shayinta, ba ya kama hanyar gida sai ya sake sha. Tana da wata shuɗiyar buta mai ɓantararren murfi. Na zauna na zana butar nan har da ɓantarewar, na zana kofin gilashi, na ja kibiya zuwa ƙwaya. Layi biyu: sama rana tana fitowa, ƙasa tana faɗuwa. Maganin mako guda a kwalin ashana, Halima ta cika shi ranar Juma'a, ranar da take gida take ba shi da hannunta.

Isiyaku ya kalli katin ya yi dariya har da tafi. "Butar Inna ce."

"Ita ce. In ka ga buta, ka sha shayi, sai me?"

"Magani."

Na kai wa Hajja Maimuna ta gani. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ya yi kyau. Wa ya zaɓi butar?"

"Ni."

"To," in ji ta, ta miƙo mini. Na ɗauka yabo ne. Na yi shekara da shekaru ina koyarwa, amma ban iya karanta "to" ɗin Hajja ba sai daga baya.

Kuma katin ya yi aiki. Tun daga janyewar kogi har zafi ya shigo Isiyaku bai faɗi ba. Na shiga yi wa wasu irinsa, har ana zuwa daga wasu unguwanni neman Ustaz mai zane.

Sai mummunar shekarar ta zo. Layin burodi, layin mai, likitoci suna ta ficewa ƙasashen Larabawa, kantar maganinmu ta koma wurin ajiye ƙura. Maganin farfaɗiya ya ɓace. Na yi kwanaki ina bin kantunan magani a ƙafa, daga Bahri zuwa kasuwar Omdurman, har na samo wanda zai ishi mutanenmu wata biyu. Na miƙa wa Halima rabon Isiyaku ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. A shekarar nan kuma aka tsananta abin da muke kira kasha: mota ta tsaya ba zato, a kwashe mata masu shayi da murhunsu da kujerunsu da butocinsu a yi gaba. Kowa ya san ana yi. Ni ma na sani. Ban taɓa haɗa wannan sanin da katin da na zana ba.

Ranar wata Laraba da hantsi aka shigo da Isiyaku a keken jaki. Ya faɗi a gefen kamina, hannunsa na dama ya sauka a kan bulo mai zafi, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu fata ta saɓule. Hajja tana wanke ƙunar, ni na laluba aljihunsa na ciro kwalin ashana. A cike yake. Tun Asabar ba a taɓa shi ba.

Da ya dawo hayyacinsa na ce, "Isiyaku, me ya hana ka shan magani?"

Ya sa hannun hagu ya ciro katin, ya yi laushi da gumi, ya ɗora yatsa. "Babu buta."

"Ina Inna Batula?"

"Mota ta tafi da ita. Da buta."

"Ba ka sha shayi ba ke nan tun Asabar?"

"Na sha. Na gwangwani. Masu bulo sun dafa."

"To ai da ka sha maganin da shi. Ko da ruwa ma."

Ya sake duba katin a tsanake, sama da ƙasa, don ya tabbatar kafin ya ƙaryata malami. "Ba ka zana ruwa ba, Ustaz."

Mai keken ya ce kullum safe da yamma yana ganinsa zaune a ƙarƙashin dogon yaron, kati a hannu ɗaya, kwalin ashana a ɗayan, yana kallon hanya. Isiyaku bai manta ba ko sau ɗaya. A duk tsawon aikina ban taɓa samun ɗalibin da ya bi umarnina kamarsa ba.

Halima ta iso da la'asar, an je an kira ta daga wurin aiki. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta buɗe jakarta za ta ciro katin asibiti, na hango sabon kwado a ciki, da makullinsa ɗaure da zare. Ta ga na gani. Ta ce, "Ustaz, ka san inda zai koma."

Isiyaku ma ya gani. Ya ce, "Yaya, jakuna."

"Wani zai ba su ruwa."

"Ba su san shi ba."

Washegari Hajja Maimuna ta yafa mayafinta ta ce in raka ta Aljirif. Mai kamina ya tare mu yana karkaɗe toka daga rawaninsa. Ya ce, "Hajja, ni bulo nake gasawa, ba mutane ba." Ta ce ta sani, ta kuma tambaye shi lafiyar 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, don ita ta karɓi haihuwar uku daga ciki. Da ta zo kan na ukun ya ce to, in hannun ya warke ya dawo, amma filin shanya kawai, nesa da wuta, kuma faɗuwa ɗaya ta ƙara shi ke nan. Halima ta yarda ta bar kwadon a jaka har a ga abin da za mu fito da shi. Kafin nan, wata maƙwabciya ta karɓi ba shi maganin, na ɗan lokaci.

Na koma Alsawra na baje fensirori. Na zana hasumiyar masallaci, sai na tuna in an ɗauke wuta lasifika ba ta kaiwa bakin kogi. Na zana rana, sai na tuna ranakun guguwar ƙura. Na zana jaki, sai na tuna ana sayar da jaki. Ban taɓa lura da yawan abubuwan da ake iya ɗaukewa daga yinin talaka ba sai da na zauna neman guda ɗaya da ba a iyawa. Duk da haka na kai kati uku. Hajja ta karɓa, ta jera su da kyau, ta ɗora kofin shayinta a kai.

"Yana da baki," in ji ta. "Tambaye shi."

Da ya zo wankin ciwo na gyara murya na ce, "Isiyaku, wane abu ne kake yi kowace safiya da kowace yamma, wanda ba ya dogara da kasancewar wani mutum?"

Hajja ta ce, "Maki nawa ne wannan tambayar?"

Isiyaku ya ce eh.

Zuwa biyu muka yi a haka, ban samu komai ba. A na uku Halima ce ta rako shi. Ya cire takalminsa a bakin ƙofa kamar kullum, wani tsohon markubu, takalmin fata irin namu na Sudan, wanda dunduniyarsa ta kwanta, babban yatsa yana leƙowa. Sai na ga ya ciro kwalin ashanar daga aljihu ya cusa can cikin na dama kafin ya shigo. Kwalin babu komai a ciki lokacin, amma bai yarda ya rabu da shi ba.

Halima ta ce, "Ku rabu da shi. Tun da aka kwashe Batula ya tsiro da wannan. A nan yake kwana. Kullum da safe sai ya zazzage shi kafin ya sa ƙafa."

Na ce, "Isiyaku, me ya sa a takalmi?"

"Kada mota ta ɗauka."

Hajja ta daina naɗa bandeji. Ta dube ni ta saman gilashinta, ta jira ta ga ko karatun nawa zai yi amfani yau.

Na ce, "Da safe, ka zo sa takalmi. Me ke ciki?"

"Kwali."

"Sai ka yi yaya?"

Na buɗe baki zan taya shi, Hajja ta taka mini ƙafa. Can ya ce, "In sha. In sa a aljihu."

"Da yamma ka dawo gida, ka cire takalmi."

"In wanke ƙafa. In sha. In mayar."

Malamin da ke cikina bai haƙura ba. Na ce, "In aka sace takalmin a masallaci fa?"

Ya leƙa ƙofa ya kalli markubun, ya juyo ya kalle ni da tausayi. "Ustaz, wa zai saci wannan?" Halima ta yi dariya, karo na farko tun ranar ƙunar. Shi bai yi ba. Ya ce, "Inna an tafi da ita. Takalmi ba ya zuwa ko'ina sai da ni."

Na ɗauko kwali zan zana, Hajja ta zare fensirin daga hannuna ta ba shi. Da hannun hagu ya zana, don na daman na naɗe. Abin da ya fito ya fi kama da tarwaɗa. Ni da nake zana Afirka a allo ba tare da na ɗaga alli ba, na roƙi a bar ni in gyara dunduniyar kawai. Aka hana ni.

Ya koma filin shanya da hannun ya warke. Kwadon ya ƙare a akurkin kajin Halima. Inna Batula ta dawo bayan wasu makonni da butar alminiyam ta aro, shuɗiyar ba a sake ganinta ba. Ta gaya mini ranar da ta dawo Isiyaku ya sha kofi biyu, sannan ya sanar da ita a hukumance cewa yanzu ba ita ce magani ba. Ya yi aiki a wurin shekaru masu yawa, har aka fara tashin kaminonin ana yanka filaye. Ya faɗi wasu lokuta, a gida, kamar yadda masu wannan ciwo kan faɗi ko da magani. Bai sake faɗuwa don jiran wani ba.

Tun daga ranar ban ƙara zaɓa wa kowa hoto ba. Wata mata ta zaɓi tsintsiyarta, wani ya zaɓi igiyar akuya. Katunan suka yi muni ƙwarai, aka daina zuwa neman Ustaz mai zane, aikin kuma ya gyaru. Wannan ne abin da ban faɗa wa yarinyar mai waya ba: hoton minti biyar ne. Sana'ar ita ce zaman da za ka yi, zuwa uku ko goma, bakinka a rufe, har mutum ya nuna maka abin da yake nasa.

Hajja Maimuna ta rasu tun kafin yaƙi ya sa mu baro Omdurman. Akwatin biskit ɗin na bar shi a saman kabad a gidanmu na Alsawra, da 'yar tsanar a ciki, don mun fito ne da niyyar mako biyu. Na tambayi duk wanda ya zo daga can labarin Halima da ƙanenta. Wani ya ce ya ji sun koma Jazira, wani ya ce bai san su ba.

Yanzu ni ke shan ƙwaya safe da yamma, ta hawan jini, kuma ni ke mantawa. 'Yata ta sa mini ƙararrawa a waya, wayar takan yi ta kuka a ɗaki ina tsakar gida. Rannan tana shara ta ɗaga takalmina, ta ji abu yana motsi a ciki.

"Baba, me kwalin ashana yake yi a takalminka?"

"Umarnin likita ne."

"Wane likitan? Ai ni na kai ka."

"Wani ne a Aljirif. Ba ki san shi ba."

Ta girgiza kai ta mayar da shi inda yake. Kowace safiya yatsana yana cin karo da kwalin, in sunkuya in zazzage shi. A ɗan sunkuyon nan nakan ji ƙamshin hayaƙin kamina yana tasowa daga bakin kogi, da ƙarar cokali a kofin gilashi. Sai in sha, in sa a aljihu.